Rantsuwar Visant Tual

Visant Tual bai nemi shiga sojan ruwa ba. Babu ma namijin da ya taɓa nema a tsibirin Eusa. Yaro yana fara jan igiya a kwalekwalen kamun kifi hukuma ta san da zamansa, in ya kai shekara ashirin sai ta aiko a kira shi Brest, sansanin sojan ruwan Faransa. Haka aka kira ubansa, haka aka kira kakansa. Da lokacin Visant ya yi, tare aka kira su da Laou Miniou, abokinsa tun suna yara, wanda bai daɗe da auren Barba ƙanwar Visant ba.

Visant ƙato ne mai faɗin kafaɗa, magana ba ta dame shi ba, sai ka yi masa tambaya ka manta kafin ya ba ka amsa. Laou kuwa siriri ne, bakinsa ba ya hutawa. Ranar tafiya Barba ta rako su bakin gaɓa, ta riƙe hannun rigar yayanta.

"Yaya, ga shi nan na ba ka amana. Ka dawo mini da shi yadda ka karɓe shi."

Laou ya ce, "Ni za a ba wannan amana? Mutumin da ko hanyar gidansu sai tumaki sun nuna masa? Ni dai ki roƙe ni in dawo miki da shi."

Ta ce, "Kai rufe mini baki. Da bakin nan za su gane inda kake su harbe ka."

Lokacin Faransa tana yaƙi a Tonkin, can gabas mai nisa, ƙasar da babu wanda ya taɓa jin sunanta a Eusa sai da aka fara kwashe mazan. Bayan doguwar tafiya a teku aka sauke su biyun a wani ƙaramin jirgin yaƙi na kogi, na ƙarfe, mai shimfiɗaɗɗen gindi da igwa ɗaya babba a gaba. Jirgin yana da sunansa na hukuma, amma mutanen cikinsa Kasko suke kiransa, don in rana ta take ba ka iya dafa jikinsa. Aka dubi kafaɗun Visant aka tura shi ƙasa, wurin tukunyar injin, aka miƙa masa shebur. Laou aka ba shi doguwar gora, yana tsaye a goshin jirgi yana auna zurfin ruwa yana faɗa da ƙarfi, aikin da ya dace da bakinsa.

Yaƙin Visant kenan: kwal, shebur, bakin wuta. Ba ya ganin sama sai in zai zubar da toka. In aka harba igwa, a tafin ƙafarsa yake ji da haƙoransa, baƙar ƙura ta zubo masa daga rufi. In an gama sai Laou ya leƙo ta ƙofar tsani.

"Ɗan gawayi, albishirinka! Yau ka ci gari."

"Wane gari?"

"Oho. Wani mai bukkoki da agwagi. Agwagin dai suna nan."

Da farko da dariya yake faɗa. Daga baya sai ya riƙa saukowa ya zauna a kan tarin kwal cikin wannan zafin, bai ce komai ba, wanda ba halinsa ba ne. Wata safiya Visant ya hau da bokitin toka bayan an yi harbi. Ruwan kogin ja ne dama can, amma ranar akwai mutane a cikinsa, suna tafe a kife tare da karan shinkafa da guntayen jinka. A gaɓa wata mata tana tsaye cikin hayaƙi da faifai a hannu. Ba kuka take yi ba, jirgin kawai take kallo. Visant ya juye tokarsa ya koma ƙasa. Tun daga ranar in an nemi mai hawa da toka sai ya ba wani rabon tabarsa ya hau a madadinsa.

Ba harsashi ne ya kayar da Laou ba. Kwalara ce, wadda ta fi abokan gaba cin mutanen Kasko. Kyaftin ya ce a sauke marasa lafiya a wani sansanin soja da ke bakin kogi, wani tsohon ɗakin bauta na mutanen ƙasar da aka mai da wurin jinya. Visant ne ya goya shi ya kai shi, ya shimfiɗe shi a tabarma tsakanin wasu da ba a iya bambanta mai barci da wanda ya riga ya tafi. Idanun Laou sun faɗa ciki, leɓɓansa sun tsage.

"Ruwa, Visant."

Ya je randar da ke bakin ƙofa ya tarar babu ko ɗigo. Yana neman wanda zai tambaya sai jirgi ya yi kuka, wani saje ya daka masa tsawa ya koma bakin aikinsa, ko so yake a ɗaure shi.

Laou ya ce, "Je ka, kada su bar ka nan ka cika mini wuri da warin gawayi. Wani zai kawo."

Daga bakin ƙofa Visant ya waiwaya. Laou ya dogara da gwiwar hannu ya ɗan tashi, ƙudaje a fuskarsa, yana kallonsa. Da ransa.

Kasko ya haura kogi, ruwa ya janye, jirgin ya maƙale a yashi har makwanni. Da suka samu suka gangaro, sansanin ya ƙone ƙurmus, babu kowa. Wasu suka ce an kwashe majinyata a kwalekwale kafin a ƙona wurin, wasu suka ce ba a samu zarafi ba. Visant ya zagaya cikin tokar bai ga kabarin da zai ce na wane ne ba. Hukuma ta ce da Laou Miniou ba a san inda yake ba, ta tsaya a nan.

Visant ya dawo Eusa shi kaɗai, fuskarsa ta yi ɗorawa saboda zazzaɓi. Bai je gida ba sai da ya biya gidan Barba. Tana nan da uwar mijinta, tsohuwa Janed. Ya zauna a bakin benci da hularsa a hannu, ya faɗa musu komai yadda yake, har randar da babu ruwa, har gwiwar hannun. Bai rage ba, bai ƙara ba.

Janed ta ce, "To ya mutu, ko bai mutu ba?"

"Inna, da ransa na baro shi."

To, a nan matsalar take. Mazan Eusa kaɗan ne suke mutuwa a gadonsu, maƙabartarmu kusan duk mata ne a ciki. Saboda haka in labari ya tabbata cewa mutum ya mutu a nesa, akan yi masa abin da muke kira proella. Babban namiji a dangi ya ɗauki ɗan ƙaramin gicciye da aka yi da siraran kyandir biyu, ya kai gidan. A shimfiɗa farar hular mata a kan tebur a ɗora shi, a kunna fitilu, a yi masa makoki kamar gawa ce kwance. Washegari a ɗauke shi a bi bayan Fada, limaminmu, zuwa coci, a yi masa addu'ar matattu, a sa shi cikin akwatin katako da ke gefen bagade tare da na sauran. Daga nan mutum ya dawo gida, ya samu makwanci, matarsa ta maƙala jan ƙyalle a hularta kowa ya san matsayinta. Wanda ba a yi wa ba kuwa, yana nan yana gararamba tsakanin duwatsun gaɓa, kuma tsofaffi suna cewa in iska ta taso ana jin irinsu suna kira.

Amma ba a yin proella a kan zato. An taɓa yi wa wani ya dawo da ƙafarsa, tun daga nan aka tsananta. Ko dai hukuma ta aiko cewa ya mutu, ko abokin tafiyarsa ya ɗora hannu a kan Littafi Mai Tsarki gaban Fada ya rantse ya ga gawar da idonsa. Hukuma ba ta faɗa ba. Visant bai gani ba.

Shekara ta zagayo sai ga lambobin yabo. Wata Lahadi bayan an fito daga coci a Lampaul, babban ƙauyen tsibirin, wakilin hukumar ruwa ya hau kan dakali ya kira waɗanda suka je Tonkin, ya maƙala wa kowa tasa: azurfa ce zagayayya, da ƙyalle ruwan ɗorawa mai ratsin kore, a bayanta an jera sunayen wuraren da aka gwabza. Bayan ya kira Visant sai ya kira Laou Miniou. Barba ta fito ta miƙa hannu biyu ta karɓa.

Kafin yamma tsibirin ya rabu biyu. Wasu matan suka ce yana da rai, gwamnati ba ta ɓarnar azurfa a kan matacce. Wasu suka ce da yana da rai da hannunsa za a ba. Janed ba ta tsaya gardama ba, ta ƙulle lambar a hankici ta tafi gidan Fada.

"Ga shi sun aiko, Fada. Sai a sa ranar."

Fada tsoho ne, ya daɗe a cikinmu. Ya juya lambar a tafinsa ya mayar mata.

"Inna Janed, wannan azurfa ce, ba shaida ba ce. Duk wanda ya je an ba shi, mai rai da matacce da wanda ba a sani ba. Ko sunansa babu a jiki."

"Sun san inda za su aiko da ita, amma ba su san inda suka ajiye mini ɗa ba?"

Duk da haka Fada bai sa ranar ba.

Shi ma Visant lambarsa ba ta jawo masa komai ba sai tsiya. Noma a Eusa na mata ne, kuma su ba su saba ganin ƙato a gida lokacin haƙar dankali ba. In ya bi ta gefen gona sai su miƙe su riƙe ƙugu.

"Ga jarumi nan! Zo ka karanta mana garuruwan da ka ci."

"Ban iya karatu ba."

"To faɗa da ka. Wanne ya fi kyawawan mata?"

"Ban ga ko ɗaya ba. Ina ƙasa ina zuba kwal."

"Ashe lambar shebur ce! To zo ga shebur nan, mu ma mu ba ka tamu."

Yakan yi murmushi ya wuce. Lambar ya jefa ta cikin akwatin kayansa na jirgi.

Shekaru uku Barba ta yi ba matar aure ba, ba wadda miji ya mutu ya bari ba. Janed kuwa ta ɗauki wata ɗabi'a: kowace yamma sai ta cika kwano da ruwa ta ajiye a bakin ƙofa ta waje. In iska ta taso takan fita ba mayafi ta nufi duwatsu, sai Barba ta bi ta ta kamo. A damina ta uku sanyi ya kama mata ƙirji ta kwanta, ta daina cin abinci.

Visant yana gyaran katangar dutse a bayan gonarsu Barba ta same shi. Ba ta gaishe shi ba.

"Yaya, ka sake tunawa."

"Me zan tuna?"

"Ranar nan. Wataƙila zazzaɓi ya rikita ka. Wataƙila ka koma ka duba."

"Ban koma ba, Barba. Ya tashi a gwiwar hannu yana kallona."

"Wanda ciwon nan ya kai haka, yana tashi?"

"Wasu suna tashi."

"Wa ka gani ya tashi? Faɗi sunansa."

Ya ɗauki dutse ya juya shi, ya rasa inda dutsen zai zauna.

Ta ce, "Da ka tsaya ka sha taba ɗaya a bakin ƙofar nan da ka gani da idonka. Abin da ya rage maka kenan, taba ɗaya. A kanta za ka bar tsohuwa ta mutu ido buɗe? Amana na ba ka. Ban ce ka dawo mini da shi da rai ba yanzu, na haƙura da wannan. Ka dawo da shi dai."

"Littafin Allah ne, Barba. Ba katanga ba ce da in ta karkace zan rushe in sake."

"To zauna da tsarkinka. Allah ya ba ka ladan." Ta juya ta tafi.

Washegari ya je duba Janed. Tana cikin gadonta na katako mai ƙofa, ta ƙanƙance kamar yarinya. Ta sa ya matso.

"Ɗana, ba zan roƙe ka komai ba. Kai mai gaskiya ne tun kana ƙarami, uwarka ta sha faɗa mini. Mutuwar ba ita nake tsoro ba. Tsorona in isa can in tambaya, a ce mini bai iso ba. In ina nan ko ruwa ina ajiye masa. In na tafi wa zai ajiye?"

Visant ya yi mata sallama. Da ya fito bai nufi gida ba, coci ya nufa.

Fada ya shigar da shi ɗan ɗakin da ke bayan bagade, ya saurare shi.

"Visant, ba haka ka faɗa ba da ka dawo."

"Zazzaɓi ne a kaina lokacin, Fada. Yanzu na tuna. Na koma na duba."

"Ka san abin da ke kan wanda ya rantse da ƙarya a kan wannan Littafi?"

"Na sani."

Fada ya yi ajiyar zuciya, ya tura Littafin gabansa. Visant ya ɗora wannan hannu nasa da kwal ya shiga tsagunansa har abada, ya ce ya ga gawar Laou Miniou da idonsa, a tabarma, a bakin kogin Tonkin.

Babu sauran babban namiji a dangin Miniou, duk teku ta ci, don haka Visant ɗin dai aka ba gicciyen ya kai. Bai fi tsawon yatsa ba, ba shi da nauyin komai. Ya tsaya a ƙofar ƙanwarsa ya faɗi abin da ake faɗa: "Barba, yau akwai proella a gidanki." Ta fasa kukan da ta riƙe shekara uku. Maƙwabta suka cika gidan. Aka ɗora gicciyen a kan farar hula, Barba ta ɗauko lambar azurfar ta ajiye a gefensa. Janed ta sa aka tashe ta zaune, ta sha romo, har ta yi wa wata faɗa don ta ajiye fitila a karkace. Washegari aka kai gicciyen coci aka sa a akwati. Kafin tumaki su fara haihuwa Janed ta rasu cikin barcinta, fuskarta a sake.

Kowa ya samu abin da yake nema. Barba ta maƙala jan ƙyalle. Bayan shekara biyu ta cire, ta gasa waina ta ɗauka da kanta zuwa gidan Paol Cozan mai aikin hasumiyar fitilar da ke nuna wa jirage hanya, don a wurinmu mace ce take zuwa neman miji. Ya ci wainar, aka ɗaura aure, suka haifi 'ya'ya huɗu.

Da Ista ta zo bayan rantsuwar, kowa ya je ya faɗi zunubansa gaban Fada don ya karɓi jibin Ubangiji, ban da Visant. Ba taurin kai ba ne. Ya zauna ya auna abin da irin hankalin da Allah ya ba shi. Tun yana yaro an koya masa cewa wanda ya saci tunkiya ba a yafe masa sai ya mayar da ita. To shi me zai mayar? A ganinsa, ranar da ya buɗe baki, dole Fada ya buɗe akwatin nan ya fitar da gicciyen. Laou ya koma duwatsun gaɓa. Janed, a can inda take, a zo a ce mata kuskure aka yi. Da Barba ta yi aure kuma abin ya ƙara nauyi, don in rantsuwar ta faɗi auren ya faɗi, yaran nan huɗu su zama abin nuni. Bai taɓa tambayar kowa ko haka ne ba, don tambayar ma tonawa ce.

Sai ya koma tsayawa a bayan coci kusa da ƙofa, inda mashaya da baƙi suke tsayawa. Wata yarinyar kirki daga ƙauyen da ke arewa ta taɓa kawo masa waina. Aure ba ya yiwuwa sai an faɗi zunubi, saboda haka ya gode mata, bai taɓa wainar ba. Ya koma jiragen 'yan kasuwa ya ci gaba da zuba kwal shekaru masu yawa, har ƙirjinsa ya fara ƙara kamar tsohuwar ƙofa, sannan ya dawo ya zauna a gidan iyayensa da 'yan baƙaƙen tumakinsa, yana tara ciyawar teku yana shanyawa don wuta. Ranar bikin ƙasa wakilin hukuma kan aiko a ce masu lamba su fito su jeru. Yakan ciro ta ya maƙala, ya tsaya a rana har a gama jawabi, ya sha kofin giyar da ake ba su, ya koma ya mayar da ita akwati.

In jirgin wasiƙu ya iso daga babban yankin Faransa, za ka gan shi a saman gangaren yana duban masu saukowa ɗaya bayan ɗaya. Mutane sun ɗauka zaman kaɗaici ne. Shi kansa bai san ko fata yake yi ko fargaba ba.

Abin da ya fi ci masa rai ba wannan ba ne. Barba ce. Da farko ba ta tayar da zancen. Da hankalinta ya kwanta sai ta fara tambaya.

"Yaya, bai ce komai ba kafin ya cika?"

Ya rasa yadda zai yi, ya ce, "Ya ambaci sunanki."

Ta riƙe wannan. Bayan wani lokaci ta tambaya ko ya sha wahala, ya ce a'a. Ko an rufe masa ido, ya ce an rufe. Kaɗan kaɗan labarin ya yi ƙiba a bakinta. Kafin yaranta su girma, Laou a gindin igwa ya faɗi, kansa a cinyar Visant, ya sha ruwa ya ƙoshi, ya yi addu'a. Lambar tana rataye a bangon ɗakinta kusa da hoton Maryamu, in baƙo ya tambaya sai ta ba da labarin, in Visant yana wurin ta juyo ta ce, "Ko ba haka ba, Yaya?" Ranar da ya ce ai ba a gindin igwa ba ne, dariya ta yi.

"Kai tsufa ya fara taɓa ka. Kai da bakinka ka faɗa mini."

Ya dubi idonta da kyau, yana neman matar da ta same shi a gindin katanga. Ba ta nan. Ba ɓoyewa take yi ba, ta manta ne da gaske. Daga ranar ya san shi kaɗai ya rage a duniya da ya san Laou yana kan gwiwar hannu.

Ƙirjin ne ya kwantar da shi a ƙarshe, ya haura sittin. Barba, ita ma kanta ya yi fari, ta dawo gidan tana jinyarsa. Da ta ga numfashin ya canja sai ta aika a kira Fada. Tsohon ya daɗe da rasuwa, wannan sabo ne, matashi daga babban yanki, mai ladabi. Ya shigo da rana tsaka, iska tana kaɗa rigarsa, ya sa Barba ta fita, ya jawo kujera.

"Baba Visant, an ce mini ka daɗe ba ka zo ba. Ba komai. Ƙofar ba ta rufe ba."

Visant ya yi tari ya huta.

"Fada, in yi tambaya. In mutum ya ɗauki abin da ba nasa ba, ya ba wasu, suka gina gida a kai, suna ciki da 'ya'yansu. Ana yafe masa gidan yana tsaye?"

Fada ya ɗauka zancen gona ne ko katakon jirgin da ya nutse, irin abin da tsofaffinmu suka saba kawo masa. Ya ba da amsar da aka koya masa.

"In da hali, sai an mayar wa mai abu abinsa, baba. Amma faɗa mini mene ne, mu duba tare."

"Sai an mayar."

"In da hali, na ce. Faɗa mini."

"To shi kenan. Na gode, Fada."

Ya juya fuskarsa bango. Fada ya lallashe shi, ya yi masa nasiha, ya ambaci wuta ya ambaci rahama, ya jira har inuwa ta karkata. Da ya rasa yadda zai yi ya buɗe ƙofa ya girgiza wa Barba kai. Ta shigo da gudu ta durƙusa a bakin gadon, ta kama kafaɗar nan da ta zama ƙashi.

"Yaya, don girman Allah. Me ka yi da ba za ka iya faɗa ba? Kai da ka rufe wa Laou ido da hannunka, ka kawo shi gida ya kwanta, kai ne za ka tafi haka kamar dabba? Yi magana mana!"

Bai juyo ba. Can ya ce, "Rufe ƙofar, Barba. Iska tana shigowa."

Washegari da la'asar ya cika. Fada ya yi masa gajeriyar addu'a, ba a kaɗa babbar ƙararrawa ba, aka binne shi can gefen katangar maƙabarta. A wurin wanki matan suka yi ta tambayar Barba abin da ya same shi, mutum mai haƙuri irin wannan da bai taɓa cutar kowa ba. Tana matse zani ta ce, "Ƙasar can ce. Da imaninsa ya tafi, ya dawo babu. Ba a san abin da suka gani ba."

Shekarar da ta biyo baya bishop, shugaban su Fada, ya ziyarci tsibirin, akwatin da ke gefen bagade ma ya cika. Aka kwashe gicciyoyin duka aka yi jerin gwano da su zuwa ɗan ɗakin dutsen da aka gina musu a tsakiyar maƙabarta, inda ba a ƙara fitar da su. Na Laou Miniou yana ciki. Barba tana sahun gaba da jikokinta, ta ga an zuba su, aka ja marfin dutse aka rufe.